Ciwon Hanta Da Ke Taɓa Ƙwaƙwalwa

Sau da yawa idan magidanci ya koma yin barci da rana, da dare kuwa ya kwana ido biyu, ga mantuwa, ga karkarwar hannu, sai dangi su ce iska ce ta taɓa shi. Alhali kuwa wani lokaci hantarsa ce ta gaza.

Aikin hanta ne tace jini. To, idan ta ƙandare saboda daɗaɗɗen ciwo ko shan giya, sai gubar amoniya daga hanji ta zarce ƙwaƙwalwa, ta kumbura waɗansu ƙwayoyinta. Har ila yau, na'urar ɗaukar hoto da maganaɗisu, wadda Lauterbur da Mansfield suka sami lambar Nobel dominta a 2003, takan nuna wani wuri can tsakiyar ƙwaƙwalwa, mai daidaita motsin jiki, yana haske saboda taruwar sinadarin manganis.

Wannan haske yakan dushe cikin watanni bayan dashen sabuwar hanta. Ruɗewar kuwa takan lafa da laktulos, maganin da ke wanke hanji. Saboda haka asibiti ya kamata a garzaya da irin wannan majiyyaci tun da wuri.