Darasin da na koya a kujerar jagoran wasa

Masu iya magana na cewa zo mu zauna, zo mu saɓa. Ban taɓa ganin inda wannan magana ta tabbata ba kamar a kan wani ɗan teburi da na jagoranta daga 2016 zuwa 2019, lokacin da nake karatu a wani gari da ke arewacin Ingila. Mu shida ne ke zagaye shi duk daren Asabar. Babu kuɗin da ake zubawa, babu kofin da ake ci, amma saura ƙiris wannan teburi ya raba ni da mutumin da ya tarbe ni a ƙasar, ya kuma ba ni masauki na wata biyu ba tare da ya karɓi sisina ba.

Kafin in shiga labarin, ya kamata in yi wa mai karatu bayanin wasan. Sunansa Dungeons & Dragons. Wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, su ne suka ƙago shi, kamfanin TSR ya fara buga shi a 1974. A 1997 kamfanin Wizards of the Coast ya saye TSR, shi ma Hasbro ya saye shi a 1999. Mu da bugu na biyar, wanda ya fito a 2014, muke wasa. Mutum ɗaya ne ke zama jagora, shi ke tsara duniyar labarin da garuruwanta da sarakunanta da dodanninta. Sauran kuwa kowa na riƙe da jarumi guda, wanda aka rubuta ƙarfinsa da zafin namansa da basirarsa a takarda. Jagora zai ce: "Kun iso bakin wani kogo, kuna jin gurnani daga ciki, me za ku yi?" Kowa sai ya faɗi abin da jaruminsa zai aikata. Idan abin na iya yiwuwa ko ya gagara, sai a jefa wata ƙwaya irin ta lido, amma mai fuska 20, a haɗa abin da ta nuna da makin da ke takarda. In jimillar ta kai adadin da jagora ya yanke, an yi nasara. A taƙaice, tamkar tatsuniya ce wadda masu sauraro ke riƙe da linzamin Gizo da Ƙoƙi, mai bayarwa kuma bai san inda za ta ƙare ba.

Tunda babu mai ci babu wanda ake ci, ribar kowa ita ce rabonsa na labarin, kuma a nan rigima ke ɓullowa. A shekara ukun nan na ga 'yan wasa masu wuyar sha'ani iri-iri. Akwai lauyan doka, wanda zai tsayar da fafatawa da dodo don a buɗe littafi a duba shafi. Akwai mai latsa waya, wanda sai layi ya zo kansa zai ɗago kai ya ce, "Ina muke?" Akwai maɓarnaci, wanda zai sace kayan abokan tafiyarsa ko ya kashe sarkin da aka je neman taimakonsa, in an yi magana ya ce ai halin jaruminsa ke nan, alhali shi ya zaɓa masa halin. Sannan akwai mai cinye fage, wanda ba ya barin kowa ya buɗe baki.

Mai masaukina yana cikin wannan rukuni na ƙarshe. Ya girme ni da shekara goma, Yaya nake ce masa. Mutum ne mai kaifin basira da daɗin baki, kuma ya fi kowa son wasan. Sai dai duk wanda na yi wa tambaya, Yaya ne zai amsa. Wadda abin ya fi shafa ita ce wata ɗaliba mai karatun haɗa magunguna, mai sanyin magana, wadda jarumarta mai warkar da raunuka ce. Da layi ya zo kanta, kafin ta nisa, Yaya ya riga ya ce, "Warkar da ni kawai." Sai ta gyaɗa kai ta jefa ƙwaya.

Ina ganin duk wannan, amma kunya ta ɗaure mini baki. Ta yaya zan tsawata wa yayana a gaban baƙi, ni da na ci tuwon gidansa? Sai na bi hanyar da jagorori da yawa ke bi, wato na rama a cikin labari. Na riƙa turo wa jaruminsa dodanni, na sa ɓarayi suka sace takobinsa, na riƙa ɗaga adadin da zai ci nasara. Shi kuwa sai ya ɗauka ƙalubale ne nake ba shi don na ga bajintarsa, ya ƙara ƙaimi, fagen ya ƙara zama nasa shi kaɗai. Wani dare haushi ya kwashe ni. Jagora yakan jefa tasa ƙwayar a bayan wani ɗan shinge na kwali, inda ba mai gani. Ƙwayar ta nuna 4, na ce 20 ta nuna, jarumin da Yaya ya yi wata takwas yana renonsa ya faɗi matacce. Ya dube ni ya ce, "Ƙanena, nawa ka ce ta nuna?" Na maimaita ƙaryata. Bai ƙara cewa komai ba, ya tattara takardunsa.

Asabar ta gaba kujera biyu na tarar babu kowa, tasa da ta ɗalibar nan. Ta aiko mini da saƙo cewa tana zaune a gefena ta hango abin da ƙwayar ta nuna. Ta ce ta yi watanni ba ta yanke wa jarumarta shawara ko ɗaya ba, tana haƙuri, amma tunda ƙwayar ma ta daina faɗin gaskiya, ba ta ga abin da ya rage mata a teburin ba. Wato wadda na yi abin dominta, a ganina, ita na fara kora.

A nan na gane kuskurena. Laifin na mutumin da ke zaune a kujera ne, ni kuwa na je ina hukunta hoton da ke takarda. Abin da ya taso tsakanin mutane, baki da baki ake kashe shi. Na wanke ƙafa na je gidan Yaya, na fara da amsa laifina, na faɗa masa ainihin abin da ƙwayar ta nuna, na ba shi haƙuri. Sannan na ce, "Yaya, ka san baiwar Allah nan ba ta taɓa zaɓar abin da jarumarta za ta yi ba?" Ya yi shiru. Can ya ce shi duk lokacin da ya ji teburi ya yi tsit, gani yake wasan zai mutu, shi ya sa yake cike gurbin. Ya ce, "Me ya hana ka faɗa mini tun farko?" Maganar minti goma ce na yi wata takwas ina gudu.

Bayan haka ne na koma neman abin da masana wasan suka rubuta. Robin Laws, wani mai tsara wasanni ɗan Kanada, ya fitar da ɗan littafi a 2002 kan jagorancin wasa, inda ya kasa 'yan wasa gida bakwai gwargwadon abin da kowa ke nema: wani ƙarfafa jaruminsa, wani fafatawa, wani dabarun yaƙi, wani labari, wani kuwa zaman tare kawai. Daga nan na fahimci cewa sau da yawa wanda muke kira fitinanne, mutum ne da bai samu abin da ya zo nema ba, ko kuma wanda ba a taɓa nuna masa iyaka ba. Na kuma koyi zaman share fage, wanda ake yi kafin a fara labari, a tattauna irin wasan da ake so da abubuwan da ba a yarda a kawo ba. A 2020 kamfanin da ke buga wasan ya sanya bayanin irin wannan zama a ɗaya daga littattafansa. Akwai kuma katin da John Stavropoulos ya fito da shi mai alamar X, wanda ake ajiyewa a tsakiyar teburi, duk wanda aka taɓo abin da ya sosa masa rai ya taɓa shi, a wuce wurin ba tare da an nemi dalili ba.

Da muka sake haɗuwa na kafa ƙa'idoji kaɗan. Tambaya tana zagaya teburi bi da bi, kuma da mai shiru nake farawa. Ba a ba mai layi shawara sai ya nema. Gardamar doka minti ɗaya ce, in yanke hukunci, a duba littafi bayan an tashi. Lauyan dokarmu ma na naɗa shi mai duba mana shafi, ya zama mataimaki. Ƙwayata kuwa a fili nake jefa ta. Wanda ya kauce, a keɓe nake yi masa magana, ba a gaban jama'a ba.

Wani zai ce ai littafin wasan ya ba jagora kalmar ƙarshe. Haka ne, a kan dokoki. Amma wannan iko aro ne daga mutanen da suka yarda su ba ka darensu, kuma ranar da suka daina yarda da adalcinka, sai ka zauna da littafinka kai kaɗai. Haka kuma ba kowa magana ke gyarawa ba. Maɓarnacin da na ambata sau biyu ina jan kunnensa a keɓe, a karo na uku na sallame shi cikin mutunci, domin barin mutum ɗaya ya ɓata wa biyar dare ba kirki ba ne, tsoro ne.

Yaya ya dawo da sabon jarumi, har ya zama shi ke cewa, "Ku bari mu ji ta bakin wane." Ɗalibar nan kuwa ta karɓi haƙurin da na ba ta, amma ba ta sake zama a teburina ba. Duk mai jagorantar jama'a, a wasa ne ko a aji ko a taron ƙungiya, ya riƙa duban wanda ya yi shiru, domin mai hayaniya zai faɗa maka damuwarsa, mai shiru kuwa kujerarsa kawai za ka tarar babu kowa.