Laftof Ɗaya, Asusun GitHub Biyu: Yadda Za Ka Raba Na Ofis Da Naka



Bara na tafka wata kwaɓa. Laftof ɗaya gare ni, da rana aikin kamfani, da dare kuma ɗan aikin ƙungiyarmu ta matasa. Wata uku ina tura aikin ƙungiya GitHub, ashe duk komit ɗin da imel ɗin ofis suke fita, a ma'ajiyar da kowa zai iya buɗewa. Oga ne ya fara gani. Ranar na sha tambayoyi.

To, abu biyu ne mutane ke cakuɗawa. Akwai suna da imel ɗin da Git ke bugawa a kan kowane komit, kamar hatimi. Git ba ya tantance su, abin da ka ba shi kawai yake sawa. Sannan akwai makullin SSH, shi ne GitHub ke dubawa kafin ya bari ka tura aiki. Ka gyara ɗaya ka bar ɗaya, ba ka yi komai ba.

Mu fara da hatimin. Ka tara duk aikin ofis a folda ɗaya, misali ~/ofis/. A can ƙasan fayil ɗin ~/.gitconfig sai ka ƙara:

[includeIf "gitdir:~/ofis/"]
path = ~/.gitconfig-ofis

A cikin .gitconfig-ofis ɗin ka sa imel ɗin aiki. Tun Git 2.13 na 2017 ake da wannan dabarar. Ka lura da alamar / ta ƙarshe, ita ce ke sa ya haɗa da duk foldojin ciki. Kuma a ƙasa zai zauna, saboda Git na bin abin da ya karanta daga baya.

Sai makulli. GitHub ba ya yarda makulli ɗaya ya zauna a asusu biyu, dole ka ƙirƙiri wani:

ssh-keygen -t ed25519 -f ~/.ssh/id_ofis

Ka ɗora wanda ya ƙare da .pub a asusun ofis, ɗayan kuma kar ya bar kwamfutarka. A ~/.ssh/config ka rubuta:

Host github-ofis
HostName github.com
IdentityFile ~/.ssh/id_ofis
IdentitiesOnly yes

Layin ƙarshen nan kar ka tsallake shi, in ba haka ba SSH na iya miƙa makullinka na gida. Daga nan adireshin ma'ajiyar ofis zai fara da git@github-ofis: maimakon git@github.com:. Ka gwada da ssh -T git@github-ofis, zai gaishe ka da sunan asusun da ya gane.

Tsofaffin komit dai suna nan da tsohon imel, sai in an sake rubuta tarihin ma'ajiyar. Ni sai da na nemi izinin abokan aikina kafin na taɓa namu.