Tartsatsin Hunturu da Injin Fotokwafi

Idan hunturu ya kankama, mai tuɓe rigar sanyi cikin duhu yakan ji ƙas-ƙas, har ya ga ɗan tartsatsi. Gogayya ce ke kwashe ƙwayoyin ilektiron daga wani abu zuwa wani, wannan ya samu rara, wancan ya samu giɓi, abin da ake kira caji ke nan. Da damina danshin iska ke zurar da cajin kafin ya taru.

Duk abin da ya ɗauki caji yana da wani yanki kewaye da shi da ido ba ya gani, wanda masana ke kira filin lantarki. In wani abu mai caji ya shigo, in cajinsu iri ɗaya ne sai su ture juna, in sun saɓa su jawo juna. A 1785 Bafaranshe Charles Coulomb ya auna ƙarfin, ya gano cewa in tazara ta ninka biyu, ƙarfin yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa biron da ka goga a gashi sai ya zo dab da guntayen takarda kafin su yi tsalle.

Masu shagon fotokwafi da wannan ƙarfi na caji suke cin abinci, ko sun sani ko ba su sani ba. Cikin injin akwai ganga da ake yi wa caji. Hasken da ya dawo daga farin takardarka yana goge cajin duk inda ya sauka, sai gurbin rubutu kaɗai ya rage. Garin tawada mai kishiyar caji ya manne a nan, sabuwar takarda mai caji ta fizge shi, zafi ya narkar da shi ya zauna. Ɗumin da kake ji in takarda ta fito, daga nan yake. Chester Carlson ya fara gwada dabarar a New York a 1938, amma sai 1959 kamfanin Xerox ya fitar da injin da ya karɓu a ofisoshi.

A gidan mai kuwa abin ba na wasa ba ne. Fetur mai gudu cikin tiyo yana tara caji, galan ɗin da ke kan kafet cikin but ɗin mota ba shi da hanyar zubar da shi, kuma tartsatsi ɗaya ya isa ya kunna tururin mai. Mai sayen fetur a galan, ka sauke shi ƙasa tukuna, bakin famfo yana taɓa bakin galan har a gama.