Hattara da Kyan Ɗan Maciji a Waya

'Yan kara, dillalai, fataken riɗi da zoɓo na Maigatari, Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar, a saurara tun cinikin ragunan layya bai kankama ba.

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san yadda ake sayen rago. Sai an buɗe bakinsa an duba haƙora, an matsa gadon baya a ji nama, an ja shi ya taka a gani ko yana ɗingishi. Ga dillali a tsaye, an san gidansa, an san ubansa.

Yanzu ciniki ya shiga waya. Mai saye a Legas ko Fatakwal zai ga talla a Facebook, ya latsa, ya faɗa shafin intanet. In shafin ya buɗe da sauri, hotuna sun fito tas, ga farashi, ga wurin latsa WhatsApp, sai hankalinsa ya kwanta. Wannan tsari shi ke jawo wa mai gaskiya kasuwa, kuma ɓarawo ma ya san haka. A yini ɗaya zai haɗa shafi da tambari, ya kwashi hotunan ragunan da kuka ɗora, ya rubuta Maigatari a sama, ya karya farashi. Ana tura masa kafin alƙalami, sai layi ya mutu. Kuɗin baƙo ne ya tafi, amma sunan kasuwarmu ne ya ɓaci, har mai gaskiya ya rasa mai yarda da shi.

Mu ma ana ɗana mana namu tarkon: shafi mai hoton jirgin ruwa, wai zai sayi riɗi da dala, amma sai ka fara biyan kuɗin rajista. Kada mu manta, MMM da ya tsayar da kuɗin mutane a Disambar 2016, da CBEX da ya rushe a Afrilun 2025, duk shafukansu gwanin sha'awa ne.

Saboda haka, kafin ka tura ko sisi, nemi sunan kamfanin a rajistar CAC. In harkar zuba jari ce, duba ko hukumar SEC ta san da shi. Lokacin tura kuɗi banki yana nuna sunan mai asusu. In ya saɓa da na shafin, tsaya nan. In ka ga ɗan kwaɗo a gefen adireshin shafi, yana nuna cewa saƙonka a rufe yake tafiya, bai ce mai shafin mutumin kirki ne ba. Lambar sirri ta OTP da BVN kuwa, ko ɗan ɗakinku ne, kada ka karanta masa.

Kai kuma mai shafi na gaskiya, buga sunanka a jikin kowane hoto, ka sa lamba ɗaya da asusu ɗaya mai sunan kasuwancinka. Kira mai saye ta bidiyo daga turke, ka buɗe masa bakin ragon ya gani. Kada kaya su hau mota sai ka duba asusunka da kanka, don alat ma ana ƙirƙirarsa.

Wanda aka cuta ya garzaya bankinsa a ranar, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC, ya kuma faɗa wa shugabannin kara, kada kunya ta sa a cuci na bayansa. Iyayenmu ba su yi cinikin biri a sama ba. Mu ma kada mu fara don an sa birin a hoto mai kyau.