Keken da Aka Jingine a Kilomita Biyar

Gasar tirayatalon ta haɗa iyo da tuƙin keke da gudu a jere, ba hutu a tsakani. An fara ta a fasalinta na yau a San Diego ta Amurka a 1974, ta shiga wasannin Olamfik a Sidni a 2000, inda ake iyon kilomita 1.5, a hau keke kilomita 40, a rufe da gudun kilomita 10. Kusan rabin lokacin gasar a kan sirdi yake ƙarewa. Shi ya sa masu wannan wasa a Turai kukansu ɗaya ne duk shekara: kakar wasa ta ƙare, sanyi ya sauko, an jingine keke wata biyu ko uku, da aka dawo sai ƙafa ta ƙi.

Su dai suna da kalandar da ke gaya musu ranar hutu da ranar komawa. Matashin da ke son keke a unguwar Kilomita Biyar ta Bangui, wadda aka fi sani da PK5, ba ya da wannan gata. Damina a Bangui doguwa ce, takan kama daga wajen Afrilu har Nuwamba, ruwan da ke sauka kuma ya kai milimita 1,500 a shekara. Jar ƙasar lungunan unguwar takan koma taɓo, ta cika sarƙa, ta cinye birki. Rani gajere ne, kuma a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa ne a Fabrairu da Maris, daidai lokacin da zafi ya fi tsanani. Ga kasuwa, wadda ita ce rayuwar unguwar: yaron shago ba ya cewa maigidansa, "Alhaji, zan je garin Damara a keke in dawo."

Akwai kuma dalilin da ya fi waɗannan nauyi. Daga Disambar 2013, da rikici ya ɓarke, unguwar ta zama mafakar Musulmin da suka rage a birnin, fita daga cikinta kuma ta zama kasada da rai. Haka abin yake har lokacin da Paparoma Francis ya ziyarci babban masallacin unguwar ranar 30 ga Nuwamba 2015. A Janairun 2021 ma 'yan tawaye sun kai hari bakin birnin, aka sa dokar hana fita da dare, hanyar Kamaru da kaya ke bi ta toshe na makonni. Dogayen hanyoyin da mai keke ke buƙata, ta Boali da ta Damara da ta Mbaiki, duk sai an fita unguwa ake samun su. Saboda haka tambayar da nake ganin ta dace da mu ita ce: idan hutu ya zo maka dole, me ke fara zubewa a jiki, kuma me za a iya tarewa?

Masana sun auna wannan. A 1984 Edward Coyle da abokan aikinsa a Amurka suka bi wasu mutum 7 da suka daɗe suna horon juriya, suka sa su daina gaba ɗaya na kwana 84. Abin da suka auna shi ne iyakar iskar oksijin da jiki ke iya sha ya yi aiki da ita a minti ɗaya. A kwana 21 na farko ta ragu da kashi 7 cikin 100. Zuwa kwana 56 ta sauka da kashi 16, daga nan ta tsaya.

Jini ne ke fara tafiya. Horo yana ƙara ruwan da ke cikin jini, hutu kuma yana rage shi cikin 'yan makonni. Idan jinin da ke komawa zuciya ya ragu, abin da take turawa a bugu ɗaya ma ya ragu, sai ta rama da saurin bugawa. Wannan shi ne abin da mai keke ke ji ranar da ya dawo: hawan da a da yake yi yana hira da abokinsa, yau bakinsa a buɗe, ƙirjinsa na dukan uku-uku, ya miƙe a kan feda tun bai kai rabi ba, gumi na ɗiga a kan ƙarfen keke. Bayan jini sai tsoka. Sinadaran da ke ƙona abinci da oksijin a cikin cinya suna raguwa da sauri. Coyle ya ga rabin abin da za a rasa yana tafiya cikin kwana 12 kacal. Daga nan cinya ke fara zafi da wuri, mutum ya ce ƙafarsa ta mutu.

Amma ba komai ke tafiya ba, kuma wannan ne ya kamata ya kwantar wa matasanmu hankali. Ƙananan jijiyoyin jinin da shekarun horo suka shimfiɗa a cikin tsoka suna nan bayan kwana 84, mutanen nan kuma sun fi waɗanda ba su taɓa horo ba. Abin tsoro shi ne kwanciya ɗungurungum. A Dallas a 1966 an kwantar da samari 5 a gado na mako 3, ƙarfin shan iskarsu ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Da aka sake auna su bayan shekara 30, sai aka ga tsufan bai yi musu ɓarnar da makonnin nan uku suka yi ba.

Aikin da ya fi amfanar ɗan Kilomita Biyar shi ne na Robert Hickson a Chicago. Ya horar da mutane mako 10, kwana 6 a mako, minti 40 kullum, sannan ya rage musu na mako 15. Waɗanda aka mayar kwana 2 a mako ba su rasa ƙarfin shan iskarsu ba. Waɗanda aka rage wa minti ma haka. Amma waɗanda aka rage wa tsananin aikin, suna hawa a hankali, su ne suka zube. Kamar wutar murhu ce: itace kaɗan ya isa ya riƙe garwashi, in dai ba a bari ya huce ba.

A nan masu tirayatalon ke yin kuskure, kuma 'yan ƙwallon unguwa ma suna yi. Suna ganin tun da suna gudu, keken ma yana nan a ajiye. Gudu yana riƙe zuciya da jini, wannan gaskiya ne, kuma ya fi zama sau dubu. Sai dai tsokar gaban cinya da ke danna feda ba ta samun irin aikinta a gudu. Wanda yake son keke dole ya taɓa keke.

Minti 30 sau biyu a mako sun isa, in an yi su da gaske: a ɗumama jiki minti 10, sannan a danna da ƙarfi minti 4, a sassauta minti 3, a maimaita sau uku. Ba a buƙatar hanyar Boali don wannan; guntun titi mai kwalta da sassafe, kafin 'yan acaɓa da masu tura kaya su cika shi, ya wadatar. Da azumi a bar shi sai an sha ruwa abinci ya kwanta, don jikin da ba ruwa jininsa ya riga ya ragu. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kayar kuwa, kada ya ƙirga kansa cikin masu hutu. Cutar tana fasa jajayen ƙwayoyin jini, su kuma ba sa dawowa da sauri irin na ruwan jini, wanda 'yan kwanakin horo ke mayarwa. Shi sai ya gama magani, ya ci, ya murmure, sannan ya fara da tafiyar sannu a shimfiɗaɗɗiyar hanya kafin ya tunkari hawa.