Gasar Lissafi ta Jami'o'i: Yadda Ake Shiri, Yadda Ake Cin Maki

Ɗalibin da ke tasowa daga unguwar Miskine ko Kilomita Biyar yana karatun lissafi a Jami'ar Bangi ya saba da jarrabawar da ake bin hanyar da malam ya koyar a kai ga amsa. Gasa ba haka take ba. Tambaya ce za a ajiye maka wadda ba ka taɓa ganin irinta ba, a ce ka kafa hujja.

Da farko ka san filin da za ka shiga. Gasar duniya ta ɗaliban jami'a, IMC, an fara ta a 1994 a Bulgeriya. Kwana biyu ake yi, tambaya biyar kowace rana, kowacce maki 10, daga aljabara, analisis, jometiri da dabarun ƙirga. Da Turanci ake rubutawa, don haka wanda ya yi karatu da Faransanci sai ya fara tattara kalmomin fannin tun da wuri. Akwai kuma gasar Putnam ta Amurka da Kanada, tun 1938: tambaya 12, maki 120. Ɗan Bangi ba zai shige ta ba, amma tsofaffin tambayoyinta suna intanet, kuma su ne abin wasa ƙwaƙwalwa. A shekaru da dama rabin masu rubuta ta ba sa wuce maki 2. To kar sifili ya karya maka gwiwa.

Sai atisaye. Ka sauke tambayoyin ranar da ka samu intanet, ka buga su a takarda, don ɗauke wuta kar ya tsayar da kai. Ɗauki tambaya ɗaya ka zauna da ita awa guda ko fiye, ba tare da leƙa amsa ba. In ta ƙi, ka karanta layin farko na amsar kawai, ka rufe, ka ci gaba da kanka.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne ɗaukar misali a matsayin hujja. Duba lissafin nan na masanin lissafi Euler: n² + n + 41. Sa 0 a madadin n, ka samu 41. Sa 1, 43. Sa 2, 47. Duk lambobi ne da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, kuma haka abin yake tafiya har 39. Wa zai yi shakka bayan gwaji arba'in? Amma sa 40: 1681 ke nan, wato 41 sau 41. Wanda ya rubuta "na gwada, ya yi" bai ci komai ba. Gwaji yana nuna maka inda za ka dosa. Maki kuwa yana wurin dalilin da ya sa abin ya zama dole.

Shi ya sa ranar gasa ka karanta tambayoyin duka, ka zaɓi wadda ta fi kwanta maka, ka gama ta sarai kafin ka taɓa wata. A Putnam masu duba takarda kusan cikakken maki suke bayarwa ko kusan babu, tsakiya ba ta cika samuwa ba. Hujja ɗaya cikakkiya ta fi rabi-rabi guda biyar.

Ka nemi abokan karatu biyu ko uku, kowa ya duba rubutun ɗan'uwansa ba sani ba sabo. Duk inda abokinka ya tambaye ka "don me?" ka kasa amsawa, koma ka sake rubuta wurin.