Ko Kun Sani? Abin Aski Mai Reza

Ko kun san cewa a 1903, shekarar da Ba'amurke King Camp Gillette ya fara sayar da abin askinsa mai reza baki biyu, guda 51 kacal aka saya, da reza 168? Kasuwarsa ta bunƙasa sosai a Yaƙin Duniya na Ɗaya, da Amurka ta raba wa sojojinta shi.

Har gobe ana aski da irinsa. Mai farawa ya jiƙa gemu da ruwan ɗumi, ya tayar da kumfar sabulu da buroshi don gashi ya yi laushi. Sai ya bi kwanciyar gashin a hankali, ba dannawa. Nauyin ƙarfen ya wadatar. A kiyaye: ba a aron reza.